Kifayen Yaya da Hantar Layya

Shekarar da yayana ya tafi Makka, ni ya bar wa amanar kifayensa. Matarsa ko ƙofar ɗakin da suke ba ta son bi, don tsoro. Ni kuwa, autar gidan, mai ɗinki a zaurenmu na Matameye, can nake zuwa in huta idan keke ya gajiyar da ni.

Firanya ake ce musu. Daga Kwatano ya zo da su, inda yake sarin kaya, guda huɗu a cikin bido, wato jarka, kowanne bai kai tafin hannun jariri ba. Da ya ce a ƙasarsu taruwa suke su cinye saniya, dariya na yi har da riƙe ciki. Sai da na ga haƙoran na kama bakina.

Tare muka haɗa musu mazauni. Wani mai yankan gilashi a Damagaram ya yi akwatin, mu kuma muka ɗebo yashi a hanyar Kance, muka yi ta wanki har ruwan ya fita garau. Muka jingina tsingaron tsohuwar randa a ciki don su samu maɓoya, saboda duk da mugun sunan nan nasu matsorata ne, ko tari ka yi sai su watse. Wani ɗan inji yana hura musu iska, fano ɗaya mai zuƙar hasken rana a kan rufi yana riƙe shi idan an ɗauke wuta. Ruwan famfo sai ya kwana a baho warin magani ya fita kafin a zuba musu, kuma kaɗan ake ɗiba a mayar da kaɗan. Abincinsu ƙananan kifi ne da farar da ba a sa wa gishiri ba.

"Auta, ban da maiƙo," in ji shi ranar tafiya, jaka a hannu. "Kitse ɓata musu ruwa yake."

"Haba Yaya, sau nawa za ka faɗa? Je ka yi mana addu'a, kifi dai ba su fi ƙarfina ba."

Inna, mahaifiyarmu, da farko ba ta ga amfaninsu ba. "Wannan wane irin kiwo ne, ba ƙwai, ba nono, ba miya?" Amma bayan tafiyarsa sai na riƙa tarar da ita bayan la'asar a kan tabarma gaban gilashin, da carbi a hannu. Wai babban cikinsu yana haɗe rai irin na Yaya.

Ranar layya tsakar gida ta cika da hayaƙi. An banƙare raguna a kan itace an kewaye wuta da su, ni kuma ina kan suyar kayan ciki har azahar. Da na leƙa ɗakin kifi, sai na tarar da ɓarna. Ruwan ya yi fari kamar an wanke ƙwaryar fura a ciki, maiƙo ya rufe samansa, kifayen sun taso suna buɗe baki. A ƙasa ga guntayen hanta naɗe da kitse.

"Innalillahi! Wane marar jin magana ne ya yi min wannan aika-aika?" Na ɗauka jikokin gidan ne.

"Ni ce," in ji Inna daga bakin ƙofa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, amana ce fa! Me zan ce masa?" Ta ce bari ta kawo soso mu wanke shi tas kamar randa. Na ce don Allah kada ta taɓa, hakan ƙarasa su zai yi. Ta juya ta fita.

Da dogon ludayi na kwashe naman, don ban yi haukar da zan sa hannu ba. Na yaye maiƙon, na riƙa sauya ruwan kaɗan-kaɗan da wanda ya kwana a baho. Mutane suna yawon barka da salla, ni ina tsugune da sabon zanena a jiƙe. Biyu suka farfaɗo. Biyu kuwa washegari na tarar da su ciki sama, har da babban.

Daga nan tsakanina da Inna sai gaisuwa. Ina jin haushinta, ina kuma fargabar haɗa ido da Yaya.

Ranar da ya dawo gida ya cika da masu sannu da zuwa, ana raba dabino da zamzam. Da mutane suka ragu ya shiga ɗakin, ya tsaya yana duban gilashin. Na buɗe baki ke nan Inna ta riga ni daga baya.

"Alhaji, kada ka ga laifin Auta. Tun rasuwar mahaifinku, kai nake fara ba hantar layya kafin kowa ya ɗanɗana. Bana na gasa ta, na naɗe da kitse yadda kake so, na waiga ba ka nan. Na rasa bakin da zan ba. Shi ne na kawo wa naka."

Yaya ya juyo ya dube ta. Can ya durƙusa a gabanta.

"To Inna, sun ci?"

"Sun ci mana, har da wawa. Babban ma ya fi kowa, kamar kai."

"Shi ke nan," ya ce. "Rabona ya iso ni."

Na sulale na koma zaure, na zauna gaban keke. Na yi ta ƙoƙarin zura zare a allura, idona ya ƙi ganin kafar.