Matar Da Ke Yawo Da Jan Kofi

Daga bencin jira a asibitin ido nake hango ta, doguwar mata da koɗaɗɗen mayafi, zaune gaban likita, 'yarta a cinya. Likita yana cewa idon yarinyar ƙalau yake, shagwaɓa ce kawai.

Matar ta zaro jan kofi ta ɗora kan zaninta mai furanni, yarinyar ba ta gan shi ba. Ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a teburin likitan, ta ajiye kofin a kai, ta jira. Can sai ƙaramin hannu ya miƙo ya kama. Da gani ta sha yin haka gaban likitoci.

Ta ce, "Likita, idon lafiya, ƙwaƙwalwar ce ba ta tantance abu cikin tarin launuka. Minti biyar ka duba ta, ni shekara huɗu. Ɗauki biro ka rubuta abin da ka gani."