Cokali Ɗaya na Tunkuza a Babura

Duk gidanmu mun ɗauka yanga ce ta hana Anti, matar yayana, cin gyaɗa, kuma ni na fi kowa yi mata surutu. Ashe mu ne ba mu san komai ba.

Mun baro Kazaure bayan sallar asuba, ni da ita, zan raka ta gaida kakarmu a Babura. Buhun albasar wani a kan ƙafata, direba kuma ko'ina sai ya tsaya, kamar duk hanyar surukansa ne. A Kanya Babba na sayi ƙuliƙuli na miƙa mata don tsokana, ta kau da kai.

Kaka ta tarbe mu da tuwo da miyar taushe, ta ja ni gefe. "Na sa mata tunkuza cokali ɗaya. Da kaɗan-kaɗan ake sabawa. Amaryar manoman gyaɗa ba ta cin gyaɗa?" Na yi dariya, na ja bakina.

Loma uku Anti ta yi. Leɓenta ya kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, numfashinta na fita kamar usur. "Anti! Anti, kalle ni!" Kaka na neman garwashin turare, wai iska ce. Na fita ko mayafi babu, na tare ɗan acaɓa.

A asibiti sai da aka soka mata allura a cinya numfashi ya dawo. Ma'aikaciyar jinya ta ce mini jiki na da masu gadi. Na Anti sun ɗauki gyaɗa maƙiyi tun haɗuwar farko, suka ɗana mata tarko a kan wasu ƙwayoyi da ke fata, hanji da maƙogwaro. Da gyaɗar ta sake shigowa, sai ƙwayoyin su zazzage sinadarin da ke kumbura nama, ya shaƙe hanyar iska cikin mintuna.

"Cokali ɗaya tak?"

"Lasa ma ta isa, 'yammata."

Kaka ta wuni tana matsa wa Anti ƙafa tana hawaye. "Yafe mini, 'yar nan. Magani na so yi miki."

Washegari a motar dawowa na faɗa wa Anti cewa da sanina aka yi. Sai ta ce, "Kin ci sa'a ba ni da ƙarfin zaginki."

Yanzu na san shiruna ya kusa kashe mutum. Saura gaisuwar Gwaggo a Gwiwa. Zan riga Anti zuwa da kwana ɗaya, in tsuguna gindin murhu, ba abin da zai shiga tukunya sai na gan shi da idona.