Kujerun da Ba a Zauna Ba

Shekara tara ina sharar cikin jirgi a filin jirgin Yamai, ban taɓa tashi a cikinsa ba. Daga Harobanda nake fitowa, taksi biyu. Mu huɗu ne da farko, duk mata. Jirgi ya sauka, mutane su fita, mu shiga da tsumma da buhun shara. Kafin ya gama shan mai mun gama.

Aikinmu na ƙarshe shi ne santir, ɗamarar da fasinja ke ɗaurawa a ƙugu. Kowace kujera sai mun gicciye tata. Masu shara na ƙasar da jirgin ke fitowa su ma haka suke yi. To in na shiga na tarar da santir a gicciye, na san ba wanda ya zauna nan. Ban yi lakwal ba, ban iya karatu ba. Takardar lissafin fasinja da ake mannawa a biro, wato ofis, ƙarshen wata ba ta gaya mini komai. Kujeru nake dubawa.

Wata shekara kasuwa ta mutu. Sai in bi layi bayan layi, duk a gicciye, ko ɓawon gujiya babu. Shef ɗinmu, shugaban masu shara, wani yaro ɗan Damagaram, ya tara mu ya ce in wata uku suka wuce a haka, kamfani zai janye jirgin. In ya janye, ba shara, ba mu. Mijina ya rasu da daɗewa, ƴaƴa uku ke ci a hannuna. Na ga yunwa a ƙauyenmu ina yarinya, na san kamanninta.

A wata na biyu kujeru suka fara hargitsewa. Ranar wata Talata na bi jirgin daga gaba har baya, ban ga guda a gicciye ba. Na ce da ƙawata, wata Bazabarma da muke shara tare, mun tsira. Ta yi guɗa a cikin jirgin mutane.

Shef ya leƙo. "Inna, wa aka haifa?"

"Jirginka ya cika, ɗana."

"Ya cika da masu rabin kuɗi. An karya farashin tikiti ne. Ko man da ya sha ba su biya ba."

Ƙawata ta dube ni. "Malama mai karatun kujera! Mayar mini da guɗata."

Na ɗauki buhuna.

Amma na lura da su waye ke sauka. Ƴan kasuwar Katako ne da matan Kalley masu saro atamfa, kowa da kaya kamar mai ƙaura. Araha ta jawo su, sun ɗanɗana zuwa da dawowa cikin kwana uku maimakon mako biyu a mota. Na gaya wa shef waɗannan ba za su koma hanya ba ko an ƙara kuɗi. Ya ce Allah ya sa.

Da wata na uku ya ƙare aka janye babban jirgin, aka kawo ƙarami, farashi ya koma yadda yake. Ƴan kasuwar suka yi ta zagin kamfani a layi, suna biya. Ƙaramin yana zuwa sau biyar a mako yanzu, babban kuwa sau uku yake zuwa a da. Ba a sallami kowa ba. Bara ma aka ƙara mana mace ta biyar, ƴar Tawa, mai son surutu. Ni ke koya mata aikin.