Gwajin Maganin Ƙarfe a Bayan Kawuna

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka a Gangara, kawuna ya sai da akuyarshi ta ƙarshe, ya sayo maganin ƙarfe wurin wani boka a Isa. Ya tuɓe riga gaban jama'a, ya juya baya, ya ce ma abokinshi, "Soka, za ni nuna muku."

Wuƙar ta shige tsakanin ƙasusuwan bayanshi, ta yanke laka. Nan take ƙafafunshi suka mutu, fitsari ya ƙwace mishi. Ni na riƙa wanke tabarmarshi har ya rasu.

Da aka tunkari bokan, ko goron bakinshi bai tofar ba. Wai kawu ne ya ci kuɓewa, ya karya maganin. Kuɓewa, a shekarar da ko tafasa ba mu gani ba!