Sunan Ɗan Fari a Jarrabawar Sifaniyanci

Har gobe ban taɓa mantawa da ranar da na faɗi jarrabawar baka a makarantar koyon Sifaniyanci ba. Ku 'yan baya da kuka same ni a ɗakin haihuwa na Gashua, ga yadda aka yi.

A farkon shekarun 2000 ina mataimakiyar ungozoma, wato mai shirya kayan aiki da zama da mai naƙuda kafin babbar ungozoma ta iso. Wata ƙungiyar agaji ta zaɓe ni zuwa Sifaniya, don horon ceto jariran da ake haifa ba numfashi. Sharaɗinsu ɗaya ne: sai an yi makarantar harshe an ci jarrabawar baka, sannan a shiga asibiti. Wanda ya faɗi sau biyu, sai gida. Maigidana, da ke kasuwanci a Nguru, ya ce, "Je ki, Allah Ya sa a amfana."

Na dage iyakar ƙarfina. Ina wanke-wanke ina hadda, bayan sallar asuba in maimaita. Ranar jarrabawa malamarmu, wata dattijuwa mai furfura, ta tambayi garinmu da aikina, na amsa tsaf. Sai ta ce, "Yaya sunan mijinki? Ɗanki na fari fa?"

Na sunkuyar da kai. Ni da tun ranar suna ban taɓa kama sunan yaron nan ba, balle na ubansa. Ta maimaita a hankali, har da nuni da hannu. Na ƙara sunkuyar da kai. Ta ɗauka ban gane ba ne, ta ce in dawo mako mai zuwa.

A masauki Hajiya Falmata, shugabar ungozomominmu da muka tafi tare, ta sa ni gaba.

"Ke Hauwa, kunyar Gashua kika ɗauko har nan? Surukarki na ƙarƙashin tebur ne? Faɗi sunan mana!"

"Hajiya, wallahi bakina ba zai iya ba."

"To ƙirƙiro wani."

"Ƙarya kuma, a kan ɗana?"

Na yi kuka. Amma na tuna jaririn wata baiwar Allah daga Dagona da ya cika a hannuna ban san abin yi ba. Na ce ba zan koma gida haka nan ba. Makon nan kaf na yi shi ina neman kalmomin da zan fassara kunya da su.

Da malamar ta sake tambayar, na ɗaga kai, na yi mata bayani da gurgun Sifaniyancina: a wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta ko ɗanta na fari, kuma ba ƙi ba ne, girmamawa ce.

Ta ajiye biro. "To in abinci ya nuna, yaya kike kiran ɗan naki?"

"Ƙanwarsa nake aikawa."

Ta yi dariya har da hawaye, ta yi ta tambaya ina amsawa. Daga ƙarshe ta ce wadda ta iya wannan bayanin ta iya harshen. Na shiga asibiti, kuma abin da na koyo shi ne nake nuna muku yau.

Saboda haka in mace ta zo awo kuka tambaye ta sunan miji ko na ɗan fari ta yi shiru, kada ku yi mata tsawa, kada ku ce ba ta jin Hausa. Ku sake hanyar tambayar, ko ku juya ga wadda ta rako ta. Na taɓa zama a kujerar nan, amsar na bakina amma kunya ta hana ni faɗa.