Jirgin Yaya a Kan Kututturen Mahauta

Yayana mai gyaran janareta ne, amma tun muna yara kansa a sama yake. In ƙaramin jirgin nan na masu koyon tuƙi ya gitta ta saman birni, ko tuwo yake ci sai ya ɗaga kai, loma a hannu, miya tana bin damtsensa. Ni kuwa keke napep nake ja, ilimina duk na ƙasa ne da ramukanta. Ranar da ya aike ni tasha in ɗauko masa saƙo, na ga kwali ya kusa tsayina, na ce firji ne. Na sunkuya na tattaro ƙarfin ɗaukar buhun masara, na fizgo, saura ƙiris in wuntsila ta baya.

Da na kai gida na ce, "Yaya, iska ka yi oda?"

Ya ce, "Jirgi ne, jahili. Mai alkafura a sama. Ya mirgina, ya kwanta rigingine, ya miƙe, duk da rimot. Sauke min shi kamar jariri."

Aka buɗe kwali a zaure, ban ga jirgi ba. 'Yan katakai na gani sirara kamar biskit, da leda ja, da wayoyi, da noti ƙanana waɗanda in ka yi atishawa sai dai a neme su a Ƙofar Gayan. Yaya ya kori tabarma, ya kori buta, ya kori awakin Inna, zaure ya koma masana'anta. Yana kallon bidiyo a waya, ya tsayar, ya manna, ya koma baya, ya zagi mai bidiyon. Ni aikina riƙo. Gam ɗin kuwa ba imani gare shi ba. Rana ɗaya ya haɗe min yatsu uku da haƙarƙarin fiffike, Yaya ya ɗauko reza.

Na ce, "Don Allah ka bi a hankali."

Ya ce, "A hankali zan bi, kada katakon ya tsage."

Katako bai tsage ba. Fatata ce ta tafi da shi, aka rufe ta da leda a cikin fiffiken hagu.

Ita ledar da zafi ake ɗame ta a jikin katakon, ga shi ba wuta, sai muka ari dutsen guga na gawayi a wurin Inna. Garwashi ɗaya ya faɗo ya huda, Yaya ya yi ƙara kamar shi aka ɗana wa. Da aka zo gwajin inji kuma, ya ce in riƙe ƙirjin jirgin gam. Ya taɓa rimot, farfela ta tashi, ta same ni a bayan hannu, tas, tas, tas, kafin in ce wayyo ta yi min tsaga irin ta gado. Jini har bango. Yaya ya rugo da tsumma a guje, na miƙa masa hannu, ya wuce ni ya goge farfela.

Ban riƙe shi a zuciya ba. Mutumin nan ya daina zuwa majalisa, ya daina kallon ƙwallo, ya rame. In ka cire Inna, ba abin da yake so a duniya kamar jirgin nan, ita ma Innar ban rantse ba. Ranar da aka gama, ya zauna yana kallonsa, ja da fari, fiffike ya cika zaure, na ga idonsa ya kawo ruwa.

Bayan la'asar muka fitar da shi filin da ke bayan gidajenmu, gindin ganuwa. Unguwa ta fashe. Yaya ya yi bismilla ya tura sandar rimot, jirgi ya ruga a ƙasa kamar zakaran da aka biyo da wuƙa, sai ga shi a sama. Wallahi ya tashi. Mutane suka ɗau kabbara. Ni har na fara tunanin in sayar da keke in koma kwandastan jirgi.

Sai Yaya ya danna hagu, jirgi ya yi dama. Ya ƙara dannawa, ya ƙara yin dama. Ashe wayoyin fiffike ya juya su wajen haɗawa. Jirgi ya mirgina, ya sake mirginawa, jama'a na tafi sun ɗauka gwaninta ce, Yaya kuwa gumi har haɓa. Ya yi kan gidaje yana kuka kamar injin markaɗe, ya sunkuyo, ya dira a kan soron maƙwabtanmu.

Maƙwabtan nan mahauta ne. Tsohon gidan muna ce masa Baba, mutum ne mai gemu fari da murya kamar ana jan ganga a kan dutse. 'Ya'yansa maza duk ƙarti, babbansu ɗan dambe ne, hannunsa na dama ya fi kaina girma, kuma kaina ba ƙarami ba ne.

To a birni kowa ya san doka. Namiji ba ya hawa katanga ko soro ko bishiya sai ya aika an faɗa wa maƙwabta za a hau sama, mata su kintsa, mai wanka ta fito, don makewayinmu ba rufi. Mai yaɓe yana yi, mai ɗaura eriya yana yi. Yaya ya fi ni sanin wannan. Abin da ya kamata, a tura Inna ta yi sallama, a jira. Amma yara sun riga sun fara jifan jirgin da duwatsu wai su kakkaɓo shi, kowane dutse ya sauka Yaya sai ya dafe ƙirji. Ya jefo min rimot, ya faɗa gidanmu, ya taka turmi, ya taka randa, sai ga shi tsaye ƙiƙam a kan katangar da ta raba mu da su.

Na ce, "Yaya, ba a yi shela ba!"

Ihun da ya tashi daga gidan nan, na tabbata an ji shi har unguwar Kongo. "Ƙato! Ƙato a kan katanga!" Ludayi ya fara zuwa, sai murfin tukunya, sai muciya da tuwonta ta same shi a kunne. Bai ko waiwaya ba, rarrafe yake a kan katanga yana miƙa hannu wajen jelar jirgi. Yatsunsa sun taɓa ta ke nan, wani hannu ya fito daga ƙasa ya cafki ƙafarsa ya fizga. Yaya ya ɓace. Na ji tim, na kuma ji wani ɗan ƙas, irin na busasshen kara.

Na zaga a guje na shiga zaurensu. Sun riga sun jawo shi nan, ƙasa-ƙasa, kamar an jawo bijimi daga mota. Gora ta ko'ina. Ɗaya na dukan baya, ɗaya na ƙafa, ɗaya bai sami wuri ba yana zagayawa yana neman inda zai sa tasa. Hannun Yaya na hagu ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa.

Na shiga tsakani na ce, "Haba 'yan'uwa, ai mu gida ɗaya ne! Ku bari in yi bayani."

Ɗan damben ya ce, "Yi."

Na buɗe baki, ya rufe min shi. Ban ga tahowar hannun ba. Na dai ga taurari da rana, na ga kakana da ya rasu yana min alama in ƙaraso. Da na farfaɗo ina kwance a kan tarin fatu, bakina cike da jini da wani abu mai ƙarfi da na ɗauka tsakuwa ce, ashe haƙorina ne.

Ana haka Baba ya dawo daga kasuwa, jini a gaban rigarsa ta sana'a. Aka tsaya da duka don a ba shi labari, kowa na faɗin nasa. An sauko da jirgin da gwangwala, fiffike ɗaya ne kawai ya tsage, abin da gam zai gyara. Sai wani daga ƙofa ya ce, "Baba, irin wannan kyamara gare shi. Hoton mata yake ɗauka." Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin jirgin kusa ba, amma maganar ta zauna daram.

Baba ya dubi Yaya ya ce, "Kai, a gabana aka yanke maka cibi. Ka leƙa min gida da idonka bai isa ba, sai ka turo na ƙarfe?"

Yaya yana durƙushe, ya tallafe karyayyen hannu, leɓe a fashe. Ya ce, "Baba, wallahi ba kyamara. Ku buɗe ku gani. Na yi laifi, ku ƙara min duka. Ga ɗaya hannun, ku karya. Shi dai ku bar shi."

Baba ya ce, "Zan buɗe."

Ya sa aka mirgino kututturen da suke sara ƙashi a kai, ya kwantar da jirgin rigingine kamar rago, ya karɓi gatari. Mahauci ai ba ya sara barkatai, gaɓa yake nema. Ya shafa, ya sami inda fiffike ya haɗu da jiki, sara ɗaya ya cire. Ya juya ya cire ɗayan. Ya datse jela. Kowane sara Yaya sai ya zabura ya yi gaba, ɗan damben ya mayar da shi da gwiwa. Ni da na zuba jini da fata a cikin abin nan, sai da na ji kamar ni ake fiɗa.

Saura gangar jiki. Baba ya ɗaga gatari da hannu biyu zai tsaga ƙirji. Yaya ya yi ihu, "Baba, batir! Kada ka sari nan!"

Ya sara. Abin ya yi tsaki, ya kumbura, farin hayaƙi ya feso, sai wuta ta yi tsiri kamar bakin walda, ta lashi hannun Baba ta kama gemu. Wani ya ce, "Bam ne!" Ƙartin nan da suka cika zaure, ƙofa ɗaya suka nufa gaba ɗaya suka toshe ta. An tattaka ni, an tattaka wanda ya tattaka ni. Baba yana kashe gemu da hula yana salati, zaure ya cika da ƙauri kamar ana babbakar kai da ƙafa.

Da suka ga ba wanda ya mutu, sai suka dawo, kuma wannan karon ba gora a hannunsu, wuƙaƙen aiki ne. Nan wasa ya fita daga raina. Na ga fuskar ɗan damben, na san ba tsoratarwa ya zo yi ba.

Inna ce ta ratsa su. Ko takalmi ba ta sa ba. Ta zo ta zauna daɓas a kan bayan Yaya, ta baje mayafi ta rufe shi, ta dubi ɗan damben.

"Zo ka fara da ni. Lokacin da uwarka ta kwanta ciwo, wa ya goya ka? Bayan nan ka yi wa fitsari. Zo ka sare shi."

Ya sunkuyar da kai. Ta juya wajen Baba ta ce, "Malam, ɗana ya hau katanga ba shela, ya ci dukansa, ban ce komai ba. Abin da ya wuce wannan kuma sai dai ka haɗa da ni." Sannan ta ɗaga mayafin ta zabga wa Yaya mari a kunnen da muciya ta bari.

A kekena na kwashi Yaya da Inna zuwa wurin mai ɗori, ina tuƙi da ido ɗaya. Da aka ja hannun Yaya ƙashi ya koma, ni na yi ihun. Washegari mai unguwa ya tara mu ya ce mai hawa katanga shi ya jawo, mai gatari ya wuce iyaka, kowa ya yi jinyar kansa. Aka sa Yaya ya ba matan gidan haƙuri daga bakin zaure, ta bayan labule.

Bayan kwana biyu da hantsi, ɗan damben ya yi sallama, ya ajiye ƙunshi a ƙofar zaurenmu ya ce, "Baba ya ce a kawo. Ya ce bai ga kyamarar ba." Ya juya. Jirgin ne, an naɗe shi a takardar siminti yadda suke naɗe nama, kashi-kashi, fiffike daban, jela daban, ƙonannen ƙirji daban.

Yaya ya zauna a ƙasa, hannu ɗaya a cikin karan ɗori, yana tona tarkacen da ɗayan.  Can ya zaro wani ɗan akwati kamar na ashana, mai karɓar saƙon rimot, wanda wuta ba ta ci ba, ya sa na ciro batiran rediyon Inna, na riƙe masa wayoyi, ya haɗa da jelar nan da aka datse. Ya ɗora rimot a cinya ya tura sanda da babban yatsa.

Jela ta motsa, zit. Ya mayar, ta dawo, zit.

Ya daɗe yana yi, ita kaɗai a kan takardar siminti tana kaɗawa. Sannan ya ɗago ya dube ni da kumburarren ido ya ce, "Tura ƙofar nan, kada Inna ta ji."