Goggo Mai Labule Za Ta Ajiye Almakashi

Kafin hantsi ya ɗaga ta riga ta share shagon, ta ɗiga wa keken ɗinkinta mai, ta rataya igiyar awo a wuya. Shagon ɗan ƙarami ne, mutum uku sai sun goga kafaɗa. Yaduka masu kauri suna jingine a dama, masu shara-shara a hagu. Shekara talatin da huɗu ke nan haka take buɗe yininta. Yaro da babba, Goggo Mai Labule suka sani. Ƙarshen watan nan za ta ajiye almakashi, don ido ya fara gardama da kafar allura, gwiwa kuma ta daina yarda da hawa kujera.

Goggo ba ta ɗinka labule sai ta ga ɗakin. Ka kawo mata awo a takarda, sai ta ce, "Ajiye takardarka. Wa ke kwana a ɗakin? Ta ina rana ke shigowa?" Wani ya taɓa ce mata, "Goggo, labule fa na zo saye, ba asibiti na zo ba." Ta ce, "Gara ka amsa tawa tambayar da ka je ka amsa ta likita."

Wata rana wata ma'aikaciyar jinya ta shigo, tana aikin dare a ɗakin jarirai. Ta nuna wani yadi mai furanni, marar kauri. Goggo ba ta kalli yadin ba, idanun matar ta kalla, sun yi jawur.

"'Yata, yaushe rabonki da barci?"

Kamar jira take. Ta zauna a benci ta fashe da kuka. Ta ce in ta taso da safe ba ta samun ko awa biyu, rana na dukan gadon, ƙirjinta kuma kullum a cushe. Shekaranjiya saura ƙiris ta ba wani jariri maganin da ba nasa ba, abokiyar aikinta ce ta riƙe mata hannu. Takardar barin aiki tana cikin jakarta.

Mijin Goggo direban babbar mota ne, gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan hanya wata azahar, bai dawo ba. Ta san abin da rashin barci ke ci. Ta kulle shagon ta ce, "Tashi mu je."

Tagar ɗakin matar gabas take kallo. Goggo ta dafa bangon da ke bayan gado da bayan hannu, ta ji shi sanyi ƙalau, ga baƙaƙen ɗige-ɗige sun taru a kusurwa. Katifa na warin danshi, jiƙaƙƙun kaya na shanye a igiya cikin ɗakin. Ta sa aka janye gadon daga bango, aka fitar da shanya waje, aka kira magini ya gyara indararon da ke tsiyaya a jikin ginin. Ta ce a riƙa buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa kafin a kwanta, a kuma ajiye gawayi a kwando ƙarƙashin gado. Sannan ta ɗinka labule ninki biyu, mai duhu, ya zarce tagar da taƙi guda ta kowane gefe, don kada haske ya sami ɓaraka.

Mijin matar ya leƙo ya ce, "Goggo, ai kin mayar mana da ɗaki rami."

"Kai da kake sharar barcinka har da minshari, ina ruwanka? In ta farka ka yaye."

Bayan kwana goma matar ta dawo shagon, ta durƙusa. "Goggo, jiya awa shida na yi." Ba ta miƙa takardar barin aikin ba. Yau ita ce shugabar ɗakin jariran, kuma iyayen da suka karɓi 'ya'yansu lafiya daga hannunta ba su san akwai mai ɗinki a cikin labarin ba.

Akwai kuma wani dattijo da jinya ta kwantar, lokacin da iska ta bushe har hancinsa na haɓo. Goggo ta rataya masa farin ƙyalle a taga, ta ce a riƙa jiƙa shi, a ajiye kwanon ruwa kusa da gado. Ta bar ɗan tsagi a labulen daidai idonsa, don ya riƙa ganin jikokinsa a tsakar gida. 'Yarsa ta shaida cewa watanninsa na ƙarshe barci yake yi cikin salama.

Goggo, ke ce wadda ba a gani a hoto. Ke ce ake manta aikinki daidai lokacin da ya yi kyau, don wanda ya sami barci ba ya tuna wa ya ja masa labule. Mai zare da allura, mai maganin gajiyayyu, mun gode.

Makon jiya ma'aikaciyar jinyar ta kai mata ziyara gida, karo na farko. Ta tarar tagar ɗakin Goggo tsohon zani ne a maƙale da ƙusa biyu, rana na ratsa shi.

"Haba Goggo! Ke da kanki?"

Ta yi murmushi. "Kullum ina cewa gobe. Sai wani ya shigo da jajayen idanu."

Washegari matar ta dawo da yadi mafi kauri a kasuwa, ta ce wannan karon Goggo zama za ta yi ta ba da umarni.

Masu sana'a, ku duba fuskar wanda ya shigo kafin ku duba abin da ya zo saye. Ke kuma Goggo, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya. Kin ba mutane hutu shekara da shekaru. Yanzu ja naki labulen, ki huta.